Mace ɗaya ko mata biyu? Neman wani aure da bai shiga kundin cocin ƙauyen kwal ba a Durham

## Wurin da mutanensa

Gundumar cocin da wannan lamari ya shafa tana lardin Durham, a arewa maso gabashin Ingila. An sakaya sunanta da sunan iyalin, saboda jikokinsu suna raye. A tsarin Cocin Ingila kowace gunduma tana da cocinta da limaminta, kuma tun 1538, lokacin da Thomas Cromwell ya ba da umarni a zamanin Sarki Henry na takwas, limamin ne ke rubuta baftisma da aure da jana'iza a kundi.

Kafin kwal ya mamaye ta, gundumar ƙasar noma ce mai faɗi, da coci guda a tsakiya da gidajen gona jefi-jefi. A ƙarni na 19 aka shiga haƙa ramuka masu zurfi, kowane rami kuma ya zo da ƙauyensa: layuka na ƙananan gidaje da kamfani ya gina, cike da mutanen da suka kwararo daga wasu lardunan, da Ireland, da Cornwall. Coci ɗaya ta kasa ɗaukar wannan jama'a, sai aka riƙa yanka tsofaffin gundumomi ana fitar da sababbi, kamar yadda aka yi wa Houghton-le-Spring da Chester-le-Street da Lanchester. Kowace sabuwar gunduma ta buɗe nata kundin.

Mahaƙan ba sa zama wuri ɗaya. Har zuwa 1872 ana ɗaure su da yarjejeniyar shekara guda da mai rami, kuma idan wa'adi ya cika a watan Afrilu, iyalai da yawa sukan loda kaya su koma ramin da ya fi biya. Gidan zama na kamfani ne, ana ba magidanci mai aiki, a haɗa masa da kwal na girki. Aiki ya ƙare, gida ya ƙare. A yajin aikin 1844 an fitar da iyalai da kayansu kan titi.

A 1923 masu aikin kwal a lardin sun kai kusan 170,000. Gwamnati ta karɓi ramukan a 1947. A 1951 hukumar lardin ta fitar da tsarin raya ƙasa da ya jefa ƙauyuka 114 a rukunin D, wato waɗanda ba za a ƙara zuba musu kuɗi ba, a bar su su mutu da kansu. Sai a 1977 aka janye tsarin. Ƙauyen wannan iyali yana cikinsu. Ramukan ƙarshe na gaɓar teku, irin su Easington, an rufe su a 1993.

## Abin da kundin aure ke ɗauke da shi

Daga 25 ga Maris 1754, bisa dokar Lord Hardwicke, aure a Ingila bai inganta sai an ɗaura shi a Cocin Ingila, bayan an yi shelarsa Lahadi uku a jere ko an sayi lasisi, ango da amarya da shaidu biyu su sa hannu. Yahudawa da 'yan ɗariƙar Quaker da gidan sarauta kaɗai aka ɗauke wa wannan. Daga 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, aka halatta aure a ofishin rajista da ɗakunan ibada na sauran ɗariƙu, aka kuma kawo sabon fom. Fom ɗin yana tambayar shekaru, da ko mutum ya taɓa aure, da sana'a, da adireshi, da sunan uba da sana'arsa. Ba ya tambayar sunan uwa (sai a watan Mayun 2021 aka gyara wannan), kuma ba ya tambayar sunan matar da ta rasu. A wancan zamani duk wata uku ana aika kwafi Landan, inda ake haɗa fihirisar ƙasa baki ɗaya.

## Farkon matsalar, 2016

Mai neman, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana zaune a kudancin Ingila. An haifi kakanta na wajen uba a ƙauyen a 1879, shi ne na shida cikin 'ya'ya tara na wani mai sarar kwal. A gidansu an san sunan mahaifiyar kakan, akwai ma hotonta tana tsohuwa.

A ƙarshen 2016 wani dattijo ya rubuto mata. Shi jikan babban ɗan gidan ne, wanda aka haifa a 1864. Sun yarda a kan sunan uba, da ƙauye, da sunayen 'ya'ya tara. A kan sunan uwa suka rabu. Sunan mahaifinta ɗaya ne a wajensu duka biyu, amma sunan yanka ya bambanta, kowa kuma ya kafe cewa nasa ne daidai.

Takardun ƙidaya ba su raba gardamar ba. A ƙidayar 2 ga Afrilu 1871 matar gidan tana da shekara 29, da sunan da dattijon ya sani. A ta 3 ga Afrilu 1881 tana da shekara 30, da sunan da malamar ta sani, ga kuma ɗa mai shekara 16 a gidan. Dattijon ya ce mai ƙidaya ne ya yi kuskure a shekarun, sunan kuwa laƙabi ne. Malamar ta ce idan haka ne, matar ta haihu tana da shekara 14, kuma shekara goma ta wuce ta ƙara shekara ɗaya tak. Ta yi zargin mata biyu ne. Abin da ya rage shi ne ta nemo aure na biyun.

## Kundin tsohuwar coci, bazarar 2017

Ta fara da rubuta wa cocin ƙauyen. Amsa ta zo daga wani limami da ke kula da coci-coci da dama a haɗe: tsofaffin kundaye ba sa wajensu. Dokar coci ta 1978 ta sa ana kai kundayen da suka tsufa gidan adana takardu na yankin bishop, wanda a nan shi ne ofishin adana takardun lardin Durham. (An mayar da wannan ofishi sabon mazauni a Mount Oswald a 2024.)

Can ta je. A kundin tsohuwar coci, uwar gundumar, ta sami auren farko a 1863 ba tare da wahala ba. Ango mai sarar kwal, bai taɓa aure ba. Amarya budurwa, sunanta shi ne wanda dattijon ya faɗa. A gurbin shekaru an rubuta cewa dukansu sun kai munzali, ba adadi. Mahaifin amarya mahaƙi ne shi ma. Ango da amarya duk alamar X suka yi a madadin sa hannu.

Ta bi kundin shafi-shafi daga 1871 zuwa 1881 tana neman angon ya sake bayyana. Bai bayyana ba. Ta duba kundin jana'iza na wannan cocin tana neman matar farko. Babu ita.

## Hanyoyin da suka toshe, 2017 zuwa 2018

Sai ta faɗaɗa. Ta duba kundin aure na gundumomi biyar da ke kewaye, har da sabuwar gundumar da aka yanka wa ƙauyen kansa a ƙarshen shekarun 1860. Babu. A sabuwar gundumar kundin aure kaɗai ta nema a kawo mata, ba ta nemi na jana'iza ba, kuma wannan tsallakewa ta ci mata fiye da shekara guda.

Ta koma kan 'yan Methodist. Hasashen yana da tushe: ɗariƙar Primitive Methodist ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙauyukan kwal na Durham, da yawa daga shugabannin ƙungiyar mahaƙa ta lardin, wadda aka kafa a 1869, masu wa'azinta ne, kuma kakanta a can ya tashi. Amma kafin dokar 1898 ta fara aiki, duk auren da aka ɗaura a ɗakin ibadar Methodist sai jami'in rajista na gwamnati ya halarta, kuma a littafinsa ake rubutawa, ya tafi da abinsa. Ɗakin ibadar bai ajiye kundin aure na shekarun 1870 ba, domin bai taɓa mallakar irinsa ba.

Ta gwada kwafin bishop, wato kwafin kundayen da limamai ke aika wa bishop duk shekara a da, waɗanda na Durham ke ɗakin karatu na Jami'ar Durham. Bayan 1837 galibi an daina sa aure a cikinsu, tunda kwafi na tafiya Landan.

Wani ya ba ta shawarar ta duba auren kan iyakar Scotland, inda ake ɗaura aure da furuci gaban shaidu kawai. Mutanen arewa maso gabas sun sha zuwa Lamberton Toll da gadar Coldstream, kamar yadda na yamma ke zuwa Gretna Green. Sai dai dokar 1856 ta wajabta ɗaya daga cikin ma'auratan ya yi kwana 21 a Scotland tukuna, kuma mahaƙin da ake biya da abin da ya sara ba shi da mako uku na zaman banza. Ta ɓata watanni a nan ba ta sami ko alama ba.

A fihirisar aure ta ƙasa ma ta nema, a shafin FreeBMD da 'yan sa kai suka kwafe. Amma ta taƙaita neman ga yankin rajistar ƙauyen da maƙwabtansa, da rubutun sunan iyalin yadda suke rubuta shi a yau.

## Fihirisar haihuwa ta rufe batun, ƙarshen 2018

Tun watan Nuwamban 2016 babban ofishin rajista ya sa sabuwar fihirisar haihuwa a intanet, wadda ke nuna sunan gidan uwa, wato sunan iyalin mahaifinta da take amsawa kafin aure, tun daga 1837. Tsohuwar fihirisar ba ta nuna shi sai daga 1911. Malamar ta bi 'ya'yan tara ɗaya bayan ɗaya. An yi musu rajista a yankuna uku daban-daban, abin da ya dace da yawon mahaƙa, amma sunan gidan uwa ɗaya ne daga na 1864 har autan 1887.

Wannan ya karya mata gwiwa. Ta rubuta wa dattijon cewa da alama shi ke da gaskiya: mace ɗaya ce, mai suna biyu, mai rage shekaru. Ta ajiye takardun.

## Ƙidayar 1911, Maris 2019

Ƙidayar 2 ga Afrilu 1911 ta bambanta da na baya ta fuska biyu. Ita ce ta farko da aka adana ainihin fom ɗin da mai gida ya cika da hannunsa, kuma ta tambayi kowace matar aure shekara nawa ta yi a aurenta na yanzu, 'ya'ya nawa ta haifa a cikinsa, nawa ke raye. Ba a nemi gwauraye da matan da mazansu suka rasu su amsa ba, amma da yawa sun amsa, ma'aikata kuma suka soke amsar da jan tawada.

Malamar ta daɗe da ganin wannan shigarwa, amma a rubutun da aka kwafe, inda guraben suke fayau: tsohuwa mai shekara 60, mijinta ya rasu, tana zaune gidan ɗanta. Ba ta taɓa buɗe hoton fom ɗin ba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Da ta buɗe don ta ga rubutun hannun kakanta, wanda shi ya cika fom ɗin, sai ga lambobi ƙarƙashin jan layi, ana karanta su sarai: shekarun aure 35, 'ya'ya 5, huɗu a raye.

Mijin ya rasu a 1910. Shekara 35 baya ta kai 1875. 'Ya'ya biyar kuwa su ne na biyar zuwa na tara.

Ta koma fihirisar mutuwa da sunan matar farko, ta sami wadda ta dace a 1874, ta sayi takardar. Matar mai sarar kwal, shekara 32, ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwa. An binne ta a maƙabartar sabuwar coci, a kundin da ba a nemi a kawo ba. Sannan ta nemi gidan mahaifin matar a ƙidayar 1871, a wani ƙauyen rami da ke kusa. A cikin 'ya'yansa akwai budurwa mai shekara 20, da sunan da ke bayan hoton nan na gidan su malamar. Ƙanwar matar farko ce.

## Dalilin da ya sa auren ba ya ƙauyen

Bahaushe ba zai ga abin ɓoyewa a nan ba. Musulunci ya hana haɗa ya da ƙanwa a lokaci guda, amma bayan rasuwar ɗaya ɗayar ta halatta. Sayyidina Usman ya auri Ruƙayya, bayan rasuwarta ya auri Ummu Kulsum. A ƙasar Hausa ma dangi kan ba da ƙanwa ta maye ɗakin yayarta don ta riƙe marayu. Ingila ta wancan zamani ta ɗauki abin akasin haka. Jadawalin dangin da aka hana aure, wanda Akbishop Parker ya fitar a 1563, ya ɗauki 'yar'uwar mata tamkar 'yar'uwar miji. Kafin 1835 irin wannan aure yana nan daram muddin ba wanda ya kai ƙara kotun coci. Dokar Lord Lyndhurst ta 1835 ta tabbatar da waɗanda aka riga aka ɗaura, ta kuma ce duk wanda aka ɗaura daga nan ɓatacce ne tun daga tushe, 'ya'yansa kuma ba na halal ba ne a idon doka. Tun daga 1842 ake kawo ƙudurin soke wannan hani a majalisa, bishop-bishop da magoya bayansu a Majalisar Dattijai suna kayar da shi, har sai 1907. Auren matar wa ko ƙane da ya rasu kuwa sai 1921 aka halatta shi.

Masu hali sukan ƙetare teku. Mai zane William Holman Hunt ya auri ƙanwar matarsa a Neuchâtel ta Suwizalan a 1875, shekarar da mahaƙin namu ya yi nasa. Talaka ba shi da kuɗin jirgi, ga shi kuma shi ya fi buƙatar auren. Mai sarar kwal da ya rasa mata, da yara huɗu har da jinjiri, ba zai iya sauka rami ba sai da mace a gida. Babu wurin wanka a bakin rami a lokacin; mace ce ke dafa ruwa, ta shanya kayan aiki gaban murhu, ta tashi cikin dare ta yi abinci daidai da lokacin shiga da fita. Wadda ta fi kusa ta zo ita ce ƙanwar marigayiya, kuma a gida mai ɗaki biyu, cikin layin da kowa ke jin tarin maƙwabcinsa, zaman budurwa da gwauro ba ya daɗewa sai an yi magana.

A ƙauyen ba zai yiwu ba. Shela Lahadi uku ce, a gaban mutanen da suka raka gawar yayar, kuma mutum ɗaya ya ɗaga murya ya isa ya tsayar da komai. Mafita ita ce babban gari, inda limami ke ɗaura aure da yawa a rana ɗaya bai san fuskar kowa ba, kuma adireshin wani ɗan'uwa ya wadatar.

## Takardar, Yuni 2019

Ta sake neman fihirisar aure, wannan karon daga 1874 zuwa 1877, ba tare da taƙaita yanki ba, kuma da sunan amarya maimakon na ango. Sunan ya fito a zangon ƙarshe na 1875, a wani yankin rajista na bakin kogin Tyne. Kafin 1912 fihirisar ba ta faɗin wanda mutum ya aura. Lambar kundi da ta shafi kawai take bayarwa, kuma daga 1852 shafi ɗaya aure biyu yake ɗauka, sunaye huɗu ke nan. Cikin maza biyun da ke shafin akwai mai sunan yanka irin na mahaƙin, da sunan iyali da ya sha bamban da nasu da harafi biyu. Mutumin da X yake yi ba ya iya gyara wa magatakarda rubutu. Yadda aka ji shi da harshen ramin Durham, haka aka rubuta.

Takardar ta iso bayan mako biyu. An ɗaura auren a wata babbar cocin gari, bayan shela. Ango ya ce matarsa ta rasu, sana'arsa haƙar kwal. Amarya budurwa, shekara 24, kuma ita da hannunta ta rubuta sunanta. Dukansu sun ba da adireshin titi ɗaya a garin. Sunan mahaifin amarya da sana'arsa sun yi daidai da na takardar 1863, haka ma na mahaifin ango. Shaidu biyun ba 'yan dangi ba ne, kuma da aka duba ainihin kundin cocin daga baya, sunan ɗayansu ya maimaitu a aure da dama na wannan watan, alamar ma'aikacin coci ne da ake kira idan ma'aurata sun zo su kaɗai.

Ta aika wa dattijon kwafi. Ya karɓa ba gardama, ya kuma ce yanzu ya gane abin da ya sa kakansa yake kiran tsohuwar inna, wato ƙanwar uwa, a wasu wasiƙu, a wasu kuma mama.

## Hukunci

Kundin tsohuwar coci bai ɓata ba, bai ƙone ba, ba a yage masa shafi ba. Auren ba ya ciki ne domin ma'auratan sun tabbatar bai shiga ba. Shekara biyu da rabi ana tambayar kundin abin da aka tsara kada ya sani, kuma ƙara yawan gundumomin kewaye ba zai taɓa kaiwa ga amsa ba, tunda nisa daga idon sani shi ne ainihin abin da suka je nema.

Mafi munin ɓata hanya ita ce fihirisar haihuwa, domin gaskiya ta faɗa, aka fassara ta ba daidai ba. Sunan gidan uwa ɗaya yana nuna uba ɗaya ne ya haifi uwa ko uwayen. Ba ya nuna mace ɗaya ce. A ganina zargin malamar na farko, wanda ta gina kan shekara 29 da shekara 30, ya fi hujjar da ta rushe shi ƙarfi, kuma bai kamata ta sake shi ba tare da ta nemo ko dai mutuwa ko bayanin shekarun ba. Neman mutuwar matar farko ya fi neman auren ta biyu sauƙi nesa ba kusa ba, domin ba wanda ke da dalilin kai gawa wani gari, kuma da an nemi kundin jana'iza na sabuwar gunduma a 2017, da an gama a wannan bazarar.

Abin da ya yi aiki abu uku ne da suka zo a jere, kowanne ya buɗe wa na gaba: duba hoton takarda maimakon kwafinta, sanin dokar 1835, da neman sunan wadda ta iya rubutu maimakon wanda bai iya ba. Na tsakiyan ne ya sauya tambayar daga wace coci ce kusa zuwa wane gari ne ba a san su ba.

Game da matsayin auren kansa, takardar 1875 ingantacciya ce a matsayin shaida, amma auren da ta rubuta ɓatacce ne a doka ranar da aka ɗaura shi, kuma haka ya zauna shekara 32. Dokar 1907 ta waiwaya baya ta inganta irinsa a matsayin yarjejeniyar farar hula, muddin ba a riga an raba shi ba ko ɗayansu ya sake aure. Mijin ya rayu shekara uku bayan haka. Kakan malamar yana da shekara 28 lokacin da doka ta amince cewa iyayensa ma'aurata ne, kuma shi ne bayan shekara huɗu ya rubuta 35 da 5 a fom ɗin gwamnati, a gurbin da ba a ma nemi ya cika ba.